Fiyano Ɗaya, Kiɗa Biyu: Yadda Ake Raba Madannai Tsakanin Kwantirola da Akwatin Sauti

A watan jiya wani abokina mai kiɗa a wuraren biki ya kira ni da daddare, hankalinsa a tashe. Saura kwana biyu ya yi wasa, ya riga ya karɓi kafin alƙalami, sai yaron da ke buga masa jitar bes ya yi tafiya. Dabarar da ta rage masa ita ce ya raba madannan fiyanonsa gida biyu: hannun hagu ya buga bes, na dama ya buga fiyano. Ya saita, ya danna, ɓangaren dama na kiɗa, na hagu shiru kamar an ɗauke wuta.

Ni ba makaɗi ba ne, manhaja nake rubutawa. Amma da na je na duba, sai na ga matsalar irin tamu ce: ana aika saƙo, babu mai karɓa.

Kwantirola ba ta da murya

Abin da abokina ya saya kwantirola ce mai madanni 61. Kamarta ɗaya da fiyanon Yamaha da muka saba gani a situdiyo, sai dai babu sauti ko ɗaya a cikinta. Idan ka danna madanni, saƙo kawai take aikawa: madanni kaza aka danna, da ƙarfi kaza, a tasha kaza. Akwatin sauti shi ke karɓar saƙon ya mayar da shi kiɗa. Yaren da suke magana da shi sunansa MIDI, tun 1983 ake amfani da shi.

Abu biyu za ka riƙe. Kowane madanni yana da lamba, daga 0 zuwa 127, kuma C na tsakiya shi ne 60. Sannan igiya ɗaya tana ɗauke da tasha 16. Ka ɗauki akwatin sauti kamar ɗaki mai makaɗa 16, kowa da rediyonsa, kowa ya kama tasharsa. Wanda ba a yi magana a tasharsa ba, ba zai motsa ba.

Zaɓi wuri ɗaya

Ana iya yin rabon a wuri biyu. Ko dai kwantirola ta raba, ta aika hagu a tasha 2, dama a tasha 1. Ko kuma ta aika komai a tasha ɗaya, akwatin sautin ya raba da kansa, ka gaya wa kowane sauti iyakar madannansa. Duk biyun suna aiki, amma kada ka haɗa su, domin iyakokin za su ci karo, wasu madannan su mutu a tsakiya. Idan kwantirolarka tana da Zone ko Split, yi a can, ya fi sauƙin gyarawa a wurin wasa.

Ga matakan:

1. Jona igiyar MIDI mai haƙora biyar daga OUT na kwantirola zuwa IN na akwatin sauti.
2. Sa akwatin a yanayin da yake buga sautuka da yawa lokaci ɗaya. Wasu na'urorin suna kiransa Multi, na Roland da yawa Performance, na Korg kuwa Combi.
3. Ba sashe na ɗaya fiyano da tasha 1, sashe na biyu bes da tasha 2.
4. A kwantirola, madanni 61 suna farawa daga 36 zuwa 96. Ba hagu 36 zuwa 54 a tasha 2, dama 55 zuwa 96 a tasha 1.
5. Sauke ɓangaren hagu da madanni 12, wato oktaf ɗaya. Jitar bes tana sauka har lamba 28, kai kuwa madanninka na ƙarshe 36 ne.
6. Adana saitin a na'urorin biyu kafin ka kashe.

A mataki na biyu abokina ya faɗi. Akwatinsa yana yanayin sauti ɗaya, tasha 1 kaɗai yake saurare, shi ya sa duk abin da hannun hagu ya aika ya tafi a banza.

Tarkunan da ke gaba

Sunan madanni yana ruɗarwa: lamba 60 Yamaha na kiranta C3, Roland na kiranta C4. Bi lamba, kada ka bi suna. Tasha 10 kuma a tsarin General MIDI ta ganguna ce, idan ka tura bes can, kalangun bature za ka ji. A wannan tsarin fiyano ne lamba 1, bes ɗin lantarki 34, amma wasu na'urorin daga 0 suke ƙirga, don haka idan sautin da ya fito na maƙwabci ne, ƙara ɗaya ko rage ɗaya. Sai fedar jan sauti: kashe ta a ɓangaren hagu, in ba haka ba bes zai cakuɗe ya zama gurnani.

Wayarka ma akwatin sauti ce

Tun Android 6.0 na 2015 wayoyin Android suke fahimtar MIDI. Da ƙaramar mahaɗar OTG da manhajar kiɗa mai karɓar tashoshi daban-daban, wayar za ta maye gurbin akwatin, kuma dokar ba ta canza ba. Sai dai kwantirola daga batirin wayar take shan wuta, lasifikar Bluetooth kuma tana jinkirta sauti, saboda haka yi amfani da igiya. Ka kuma sa wayar a yanayin jirgi, kada kira ya shigo ta lasifika ana tsakiyar rawar amarya.

Gyaran abokina bai kai minti biyar ba. Ran bikin ya buga shi kaɗai, har wani ya tambaye shi ina mai bes ɗin ya ɓuya. Duk ranar da ɓangare ɗaya ya yi maka shiru, kafin ka zargi igiya ko mai shagon da ya sayar maka, fara tambaya: a wace tasha nake aikawa, wa kuma ke saurare a can?