Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Ba A Cewa "Three Maizes"?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko da wasiƙa yana cewa ya rubuta wa abokin cinikinsa na Kudu "three maizes" a rasit, sai aka yi masa dariya. Yana tambaya, ina kuskuren yake?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Ai ko a Hausa ba ka cewa "ba ni gero uku", sai dai buhu uku ko tiya uku na gero. Haka abin yake a Turanci. Sunaye iri biyu ne: masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa.

Masu ƙirguwa su ne kamar goat, egg da bag. In ɗaya ne ka ce a goat, an egg. In suna da yawa ka liƙa musu s: five goats, ten bags. Marasa ƙirguwa kuwa awonsu ake yi, kamar maize, millet, rice, salt, oil da fertilizer. Waɗannan ba a sa musu lamba kai tsaye, ma'aunin ake ƙirgawa. Saboda haka sai ka rubuta three bags of maize, ko two tins of oil.

Ga inda ake tafka asara. How many tambayar adadi ce, wato guda nawa. How much kuma ta abin awo ce, da ita ake tambayar farashi. In mai saye ya nuna buhuna ya ce "How many?", yawansu yake nema. Ka ce masa "twenty" kana nufin kuɗi, ya tafi da cewa buhu 20 za ka kawo, ka ga rigima ta tashi.

A kula da tarko biyu. Wake da gyaɗa awonsu muke yi, amma Bature jam'i yake ba su: beans, groundnuts. Sannan mu muna cewa shawarwari da kayayyaki, shi kuwa ba ya ƙara s a advice ko luggage. Hatta money ba ta ƙirguwa a wurinsa, naira ɗin ake ƙirgawa.

Kafin ka rubuta rasit na gaba, tambayi kanka: wannan ƙirga shi ake yi ko auna shi? Allah ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku.