Gida ɗaya, tukunya biyu: yadda haɗewar kamfanonin jiragen sama ke juya rayuwar matuƙa

Ranar 15 ga watan Janairun 2009, wani jirgin kamfanin US Airways ƙirar Airbus A320 ya tashi daga filin LaGuardia na birnin New York ɗauke da mutum 155. Mintoci kaɗan da tashinsa ya ci karo da garken manyan agwagin daji, injinansa biyu suka mutu. Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kan kogin Hudson cikin tsananin sanyi, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Wanda ya saurari maganar da aka naɗa tsakanin jirgin da masu kula da zirga-zirgar sama zai ji ana kiran sa da "Cactus 1549". Cactus wani tsiro ne mai ƙaya da ke fitowa a hamadar jihar Arizona, kuma sunan rediyo ne na wani kamfani dabam, America West, wanda ya haɗe da US Airways a 2005. Sullenberger da mataimakinsa Jeffrey Skiles ba su taɓa yi wa America West aiki ba. Suna amsa sunan ne kawai, alhali a daidai lokacin matuƙan ɓangarorin biyu na gaban kotu, kowa na cewa ɗan'uwansa na son cinye masa haƙƙi.

Wata guda da ƴan kwanaki bayan haɗarin, Sullenberger ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa an zaftare kashi 40 cikin 100 na albashinsa, an kuma soke asusun fanshonsa. Shi kuwa Skiles, duk da ya haura shekara 20 a kamfanin, a kujerar mataimaki yake zaune.

Lamba ita ce komai

A manyan kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake ba shi lamba a jerin daɗewa. Wannan lamba ce ke faɗin lokacin da zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu, ta kyaftin. Ita ke faɗin irin jirgin da zai tuƙa, ƙarami mai zagayen cikin gida ko babba mai tsallaka teku, kuma girman jirgi ne ke ƙayyade albashi. Ita ke faɗin garin da zai zauna, da ko zai yi biki tare da iyalinsa ko zai kwana a otal a wata ƙasa. In kasuwa ta lalace kuma, daga ƙasan jerin ake fara tura mutane hutun dole ba albashi.

Ƙwarewa ba ta tsallake layi. Lambar kuma ba ta bin mai ita: kyaftin da ya shekara 25 a wani kamfani, in ya koma wani, daga ƙarshen layi zai fara, a matsayin mataimaki, da albashin sabon shiga. Shi ya sa matuƙi ke manne wa kamfaninsa tamkar gonar gado. Shi ya sa kuma, in kamfani biyu suka haɗe, tambayar farko ita ce yadda za a saƙa jeri biyu su zama ɗaya.

Uwargida da amarya

US Airways tsohon kamfani ne na gabashin Amurka, wanda ya karye sau biyu, a 2002 da 2004. America West kuwa yaro ne, a 1983 ya fara tashi daga birnin Phoenix da ke yamma. Da aka ɗaura auren a watan Satumbar 2005, an riƙe sunan US Airways, amma shugaban America West, Doug Parker, shi ya hau kujerar jagoranci.

Matuƙan gabas sun kai kusan 5,100, amma kimanin 1,700 daga cikinsu na zaune gida a hutun dole. Na yamma kusan 1,900 ne, kuma dukansu na bakin aiki. Na gabas suka ce a bi ranar ɗaukar aiki, wanda ya riga shiga shi ne gaba. Na yamma suka ce wannan zalunci ne: in aka bi haka, mutumin da ya daɗe ba shi da aiki zai hau kan kyaftin da ke tuƙi kullum, alhali kamfaninsa na gab da mutuwa aka ceto shi. Na gabas suka mayar da martani cewa shekarun da suka ba sana'ar, da albashin da suka sadaukar don kamfanin ya rayu, ba za su tafi a banza ba.

Da sulhu ya gagara, ƙungiyar ƙwadagon da dukansu ke ciki, ALPA, ta miƙa batun ga mai raba gardama George Nicolau. A watan Mayun 2007 ya yanke hukunci: kimanin matuƙan gabas 500 masu tuƙa manyan jiragen ƙetare su ne a sama, sauran da ke bakin aiki a gauraya su da na yamma, waɗanda ke hutun dole kuma su koma ƙasa. Ma'ana, akwai ɗan gabas mai shekaru da dama a sana'ar da ya tsinci kansa a bayan ɗan yamman da bai daɗe da shiga ba.

Na gabas suka ƙi amincewa. Da yake sun fi yawa, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, suka kayar da ALPA a zaɓen watan Afrilun 2008, suka kuma rubuta bin ranar ɗaukar aiki a cikin tsarin mulkin ƙungiyar. Na yamma suka garzaya kotu.

Kowa ya yi asara

Shekara da shekaru kamfanin ya ci gaba da tafiya da fenti ɗaya a jikin jirage, amma matuƙa kashi biyu: ɗan gabas na tuƙa jirgin gabas da yarjejeniyar aikinsa, ɗan yamma na tuƙa na yamma da tasa. A 2008 da kamfanin ya sanar da tura matuƙa 300 hutun dole, 175 daga yamma suka fito, waɗanda da an yi aiki da jerin Nicolau ba su ne a ƙasa ba. Su ma na gabas ba su tsira ba, don rashin jeri ɗaya ya hana a ƙulla sabuwar yarjejeniya, suka ci gaba da karɓar albashin zamanin karyewar kamfani.

A 2009 kotu a Arizona ta ba na yamma gaskiya. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce lokacin shari'ar bai yi ba tun da ba a ƙulla yarjejeniyar ba tukuna. Ana cikin haka, a watan Disambar 2013 US Airways ya sake haɗewa da American Airlines, gida ya koma na mata uku.

Rigimar ba ta tsaya a kuɗi ba. A ɗakin tuƙi, mutum biyu da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar tafiya ne ke riƙe da rayukan ɗaruruwan mutane. Abin da ke haɗa su shi ne tsari: wa ke karanta takardar bin matakai, wa ke amsawa, da wace kalma, a wane lokaci. Kowane kamfani da nasa tsarin, don haka bayan haɗewa sai an zaɓi ɗaya an sake horar da dubban mutane, wasu su bar abin da hannunsu ya saba da shi shekara 20. Tun bayan haɗarin tsibirin Tenerife na 1977, inda jirage biyu suka yi karo a ƙasa mutum 583 suka mutu, ake koya wa mataimaki ya buɗe baki in ya ga kyaftin zai yi kuskure. Wannan na buƙatar yarda, yarda kuwa ba ta zama inda kowa ke ganin na kusa da shi ne ya tare masa gaba.

Masu shafa wa gemunsu ruwa

Akwai waɗanda suka ɗauki darasi. Bayan American Airlines ya saye TWA a 2001 aka jera ma'aikatan TWA da yawa a ƙarshen layi, suka zama na farko da aka sallama bayan harin 11 ga Satumba. Wannan ya sa a watan Disambar 2007 aka kafa dokar da ke ɗauke da sunan sanatocin jihar Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, wadda ta wajabta haɗa jerin ma'aikata bisa adalci, in an kasa a je gaban mai raba gardama. Kamfanin Delta kuwa, da zai haɗe da Northwest a 2008, sai da ya sa matuƙan ɓangarorin biyu suka amince da yarjejeniyar aiki ɗaya kafin a kammala cinikin, kuma kafin ƙarshen shekarar an fitar da jeri ɗaya.

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. A farkon watan Afrilun 2024, kamfanin Vistara na Indiya ya soke tashin jirage da dama bayan matuƙa da yawa sun ce ba su da lafiya, a daidai lokacin da ake takaddama kan sabon tsarin albashi gabanin haɗewarsa da Air India, wadda aka kammala a watan Nuwamban shekarar.

Ga mai sha'awar sana'ar

Matashin Maraɗi ko Damagaram da ke mafarkin tuƙin jirgi, ko ɗan ci-ranin da ke tara wa ɗansa kuɗin makaranta, yana da kyau ya san hanyar. Makarantar EAMAC da ke Yamai masu kula da zirga-zirgar sama, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urori take horarwa. Masu neman tuƙi kan nufi wurare irin su kwalejin sufurin sama ta Zariya ko makarantar kamfanin Ethiopian Airlines a Habasha. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, na buƙatar Ingilishi aƙalla mataki na 4 ga mai tashi tsakanin ƙasashe, don haka Faransanci kaɗai ba ya isa. A Amurka kuwa, bayan haɗarin jirgin Colgan Air na 2009 da ya kashe mutum 50, an ɗaga ƙa'ida a 2013 zuwa sa'o'in tuƙi 1,500 kafin a zama ko da mataimaki ne, sai dai tsoffin sojoji da masu wasu digirori da aka rage wa. Shekara 65 ce iyakar aiki, don haka duk shekarar da mutum ya makara wajen samun lamba, daga shekarun kyaftin ɗinsa ake cire ta.

Zaɓen kamfani ma caca ce. Yankin nan ya ga misali: Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa shi a Yaounde a 1961, ya rushe a 2002, ma'aikatansa suka watsu neman aiki.

A watan Afrilun 2015 aka daina jin sunan "Cactus" a rediyo, jiragen duka suka koma amsa sunan American. A watan Satumbar 2016 masu raba gardama suka fitar da jeri ɗaya da ya haɗa matuƙan gabas, da na yamma, da na American, shekara 11 bayan auren farko. Sullenberger bai ga sunansa a ciki ba. Tun watan Maris na 2010 ya yi ritaya.