Motar da Ba Ta Tsayawa: Halin Garuruwan Hanyar Birnin Kudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil, ya ratsa Kwanar Huguma ya nufi Birnin Kudu, ya san yadda tafiyar take a da. Direba kan tsaya a yi salla, fasinja su sayi rake da gyaɗa, a dama fura da nono, mai faci ya duba taya. Yau motoci sun ragu, waɗanda ke bi ma sauri suke. Wannan sauyi ya taɓa aljihun mutanen Wurno, Babaldu, Sara da Gwaram fiye da yadda ake zato.

Dalili na farko hanya ce. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum da Damaturu. Aikin ya ja shekaru, amma duk sashen da aka gama sai ya janye masu dogon zango daga hanyar Birnin Kudu. Direban da ya samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba zai zaɓi ta ramuka ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ya rage wa kudancin Jigawa shi ne masu nufar Ningi da Bauchi, sai 'yan gida.

Na biyu ya fi ciwo. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya ninka. Wanda ke zuwa gida duk wata ya koma sai da salla, ziyarar dubiya da ta barka ta koma ta waya. Direba kuwa, don ya mayar da kuɗin mai, sai ya cika mota maƙil tun daga tasha, mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Motar da ta cika ba ta da dalilin tsayawa a ƙauye.

A nan ne asarar take. Kwalta kaɗai ba ta ciyar da gari. Tsayawar matafiyi ce ke kawo ciniki. Yarinyar da ke talla a bakin titi ba ita kaɗai ba ce, bayanta akwai uwar da ke cikin gida tana suyar ƙosai, tana zubin adashe da ribar. Mai shayi, mai tsire, ɗan kamasho, duk da 'yan mintocin da mota ke tsayawa suke rayuwa. Manomi ma bai tsira ba: ɗan kasuwar da ya zo sayen gero ko riɗi yana cire kuɗin dako daga farashin da zai taya. Mara lafiyar da za a kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu sai an yi lissafin kuɗin babur kafin na magani, shi ya sa ake jinkiri har ciwo ya yi nisa. Wannan ne ya fi damuna.

Wasu na cewa raguwar motoci ta rage haɗari da yawon tallar yara. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai yarinyar da ta bar talla don babu mai saye ba lalle ne ta koma aji ba.

Birnin Kudu na da abin tsayar da baƙo: zanen duwatsun Habude da Mesa, waɗanda masana tarihi suka daɗe da sani. Da a ce an gyara hanyar shiga wurin, an kafa alluna a bakin titi, an tanadi wurin salla da na cin abinci mai tsabta, da wasu motocin sun riƙa taka burki.