Manhajar Mai Jinya da Yaran da Gubar Dalma Ta Bar Mana

A watan Agustan 2024 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta fitar da wani bincike da ya ja hankali. Cikin majinyata 241 masu rauni a ƙwaƙwalwa, waɗanda ko an kira sunansu ba sa motsi, 60 sun nuna alamar suna fahimtar abin da ake faɗa musu da aka auna ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Tun daga lokacin nake jin mutanenmu, har da 'yan boko, suna cakuɗa wannan labari da na manhajojin da ake yi wa iyalan irin waɗannan majinyata, suna cewa Turawa sun kai inda kwamfuta za ta faɗi wanda zai farfaɗo da wanda za a zare wa na'urar numfashi. Wasu na murna, wasu na a'uziyya, kuma duka sun yi wa zancen gurguwar fahimta.

Abin ba shi da wuya. Tun 1974 likitoci ke auna zurfin suma da ma'aunin Gilasgo, daga 3 zuwa 15. A 2008 masu bincike a Landan suka tattara bayanan majinyata fiye da 10,000 suka yi lissafin da ake kira CRASH: a sa shekarun mutum, da makinsa na Gilasgo, da yadda ƙwayar idonsa ke amsa haske, sai ya nuna cikin mutum ɗari masu irin wannan rauni nawa suka rayu. Manhajar iyali tana mayar da irin wannan lissafi zuwa maganar da uwa za ta gane, ta kuma tambayi dangi abin da shi majinyacin zai so da yana iya magana. Ba ta san gaibu ba, kuma hukunci yana nan a hannun iyali da likita.

To amma mu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, tambayar da ke gabanmu daban ce. Ɗan kabu-kabu ya faɗi a kan titin Gusau zuwa Sakkwato babu hular kwano, an kwantar da shi a babban asibiti, yana amai, ido ɗaya ya buɗe fiye da ɗaya. Kawu ya ce a jira safiya. Yaya ya ce a nemi mota zuwa Gusau. Wani ya ce sai Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suke. A sayar da sa ne ko a jinginar da gona? Za a iya bin hanyar da dare? Ita kuwa matar da za ta yi shekaru tana juya shi a kan tabarma tana ba shi kunu da cokali, tana bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye ta. Jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai ba ya jiran a gama wannan shawara.

Kuma masu haɗarin babur su ne waɗanda ake gani. Akwai wasu da muka yi kamar mun manta da su, a nan maƙwabtanmu.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka shigo neman masu sanƙarau, suka lura yara suna mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, cikin kwana biyu ko uku a kai shi makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Ashe duwatsun zinariyar da magidanta ke kawowa gida ne, ana daka su a turmin da ake dakan gero, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar dalma tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta haura 400. Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega: ya kamata duk ɗan makarantar Zamfara ya san waɗannan sunaye.

An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Sai dai maganin yana tsayar da ɓarna ne, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka makance, da masu shanyewar gaɓoɓi, da masu farfaɗiya, da waɗanda karatu ba ya zama a kansu, ana ce musu daƙiƙai. Yau sun zama samari da 'yan mata. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomi bayan fiye da shekara goma. Iyayen waɗannan yara kullum cikin yanke shawara suke: a ci gaba da maganin farfaɗiya ko a koma ruƙiyya, a sa shi makaranta ko a bar shi gida, a aurar da ita ko a riƙe ta, wa zai ɗauke shi in uwar ta kwanta dama. Ba na jin akwai iyalin da ya fi su buƙatar bayani a duk faɗin ƙasar nan. A ƙara musu waɗanda sanƙarau na 2017 ya bari da kurumta, da yaran yankin noman rani na Bakolori da zazzaɓi ke haye wa ka.

Abin da ke ci mini rai shi ne waya ta taɓa yi wa yaran nan rana. Da kuɗin gyaran Bagega suka maƙale a Abuja, matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka tayar da gangamin SaveBagega a Twitter da Facebook, tare da matsin lambar MSF da Human Rights Watch, har gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin a 2013. Mun kuma ga ɗaya fuskar a Satumbar 2021, lokacin da aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wuraren suka shafe watanni shiru. Duk wanda zai yi mana manhaja ya riƙe abubuwa biyu: ta yi magana da murya cikin Hausa, don yawancin masu jinya mata ne da ba su yi boko ba, ta kuma yi aiki ko babu sabis.

Ma'aikatar lafiya ta jiha ba ta buƙatar jiran kowa daga waje. Ta buɗe rajistar yaran dalma da suka rayu, a san inda suke da halin da suke ciki. Ta haɗa manyan asibitocin Mafara da Bakura da Maradun da likitocin Sakkwato ta layi guda da ake ɗagawa dare da rana, domin ma'aikacin jinya ya faɗi makin majinyaci a ce masa a taho yanzu ko a dakata, kafin a sayar da sa a banza. A naɗi saƙonnin murya gajeru: yadda ake juya wanda ba ya motsi don kada bayansa ya yi gyambo, yadda ake ba shi abinci ba tare da ya shaƙe ba, me ya sa ba a cusa wa mai jijjiga cokali a baki. Malamanmu su shigo ciki, don maganar da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a ta fi saurin isa cikin gida.

Ku kuma mazan gida, in an zauna shawara a zaure kan mara lafiya, ku kira wadda take kwana a gefensa. Ita ta san ko ya haɗiyi ruwa jiya, ita ta ga lokacin da ya matse mata hannu da ta kira sunansa, kuma wannan ne likita zai fara tambaya in kun isa Sakkwato.