Sanya wa babur soket ɗin cajin waya: yadda ake yi ba tare da asara ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, samun wutar lantarki ya zama sai an yi sa'a a garuruwan Jazira da Shuɗin Nilu, daga Wad Madani har Mai Wurno, Sinja da Damazin. Ga shi kuwa da wayar hannu ake jin labarin 'yan'uwan da aka rabu da su, da ita ake karɓar kuɗi ta Bankak, ta cikinta kuma saƙonnin rabon kaya ke isowa. Shi ya sa masu babur da raksha da yawa a nan sansani ke ɗaura soket ɗin caji a jikin abin hawansu. Dabara ce mai kyau. Amma idan aka yi ta da ka, tana iya kashe batir, ta ƙona waya, ko ta tayar da gobara a tsakanin tantuna da rumfunan ciyawa.

Abin da za a saya

Batirin babur yana ba da wuta bolt 12, wayar hannu kuwa bolt 5 take sha. Don haka kada a taɓa yanke igiyar caja a haɗa ta kai tsaye da batir, domin wayar tana iya ƙonewa. A nemi soket na USB wanda aka yi don babur, wanda aka rubuta 12V da 5V a jikinsa, saboda a cikinsa akwai na'urar da ke rage ƙarfin wutar. A zaɓi mai murfin roba, don ƙura da ruwan damina. A haɗa da fis ƙarami na amfiya 3, da salatef na masu gyaran wuta.

Yadda ake haɗawa

1. A fitar da babur fili, nesa da jarkokin mai. A kashe shi, a zare makulli.
2. A fara kwance baƙar igiyar batir, mai alamar (−). Ita ce ta farko a cirewa, ita ce ta ƙarshe a mayarwa.
3. A haɗa jar igiyar soket da layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, kamar layin hon a yawancin babura. A saka fis ɗin kusa da wurin haɗin.
4. Baƙar igiyar soket ta tafi kan (−) na batir, ko kan noti mai tsabta a jikin ƙarfen babur.
5. A bi da igiyar ta gefen sauran wayoyin babur, a ɗaure ta. Kada ta taɓa inji ko salansa, kada ta bi kusa da tiyon mai. A juya kan babur dama da hagu a ga ba ta ja ba.
6. A naɗe kowane haɗi da salatef, a mayar da igiyar batir, a tayar da babur a gwada.

Kada a ɗauki wuta daga layin babbar fitila. A ƙananan babura da yawa wutar wannan layi daga inji take zuwa kai tsaye, tana hawa da sauka da gudun inji, kuma tana lalata soket. Wanda bai gane layukan ba, ya kai wa bakanike. Kuɗin aikinsa bai kai kuɗin sabuwar waya ba.

Me ya sa muke nanata fis da makulli?

Idan fatar igiya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ne zai tsinke kafin ta yi zafi ta kama wuta a ƙarƙashin tankin mai. In ya tsinke, a nemo dalili. Kada a maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari.

Soket da aka haɗa kai tsaye da batir kuma yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko ba a saka masa komai ba. Batirin ƙaramin babur ba shi da yawa: wayoyi biyu ko uku in an cika su inji na kashe sun isa su hana shi tashi da safe. Caji ya fi dacewa lokacin da ake tafiya.

Gargaɗi ga kowa

Kada a kunna babur cikin tanti ko ɗaki don a yi caji. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa, yara ne kuma take fara kayarwa. Kada a yi caji lokacin da ake zuba mai. Kada a bar waya tana caji a tsakar rana, kuma idan batirinta ya kumbura a daina amfani da shi.

Duk wanda ya ji warin roba na ƙonewa, ya kashe makulli nan take, ya zare igiyar batir, ya janye babur daga jikin rumfa. Wutar mai da yashi ake kashe ta, ba da ruwa ba, don haka muna roƙon kowane mai babur ya ajiye bokitin yashi a inda yake kwantar da shi. Mai tambaya ya tuntuɓi shugaban unguwarsa ko ma'aikatanmu. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.