Hasashen Rayuwar Majinyaci Bayan Maganin Narkar da Gudan Jini a Bugun Zuciya

Gabatarwa

Bugun zuciya yana aukuwa ne idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Maganin narkar da gudan jini yana buɗe jijiyar, amma ba duk wanda aka yi wa ke tsira ba. Wannan maƙala ta duba yadda likitoci ke hasashen wanda ya fi fuskantar haɗarin mutuwa cikin kwana 30 na farko.

Binciken GUSTO-I

An wallafa sakamakon wannan bincike a 1993. Ya ƙunshi majinyata 41,021 a ƙasashe 15, kuma kimanin kashi 7 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. A 1995, Kerry Lee na Jami'ar Duke ta Amurka da abokan aikinsa suka sake nazarin bayanan. Sun gano cewa abubuwa biyar ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin hasashen: shekarun majinyaci, faɗuwar awon jini, saurin harbawar zuciya, matakin gazawar zuciya, da kuma ko ɓarnar a bangon gaba na zuciya take.

Shekaru ne suka fi tasiri. Kashi 1.1 cikin 100 kacal suka rasu cikin 'yan ƙasa da shekara 45, alhali adadin ya kai kashi 20.5 ga waɗanda suka haura 75. Sauran alamomin huɗu kuwa suna nuna girman ɓarnar ne. Idan tsoka mai yawa ta mutu, zuciya ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai awon jini ya faɗi, harbawa ta ƙaru, ruwa ya taru a huhu.

Ma'aunin TIMI

Lissafin Lee yana da wuyar yi a gefen gadon majinyaci. Saboda haka a shekarar 2000 David Morrow da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai maki 0 zuwa 14. Shekara 65 zuwa 74 maki 2 ne, 75 zuwa sama maki 3. Awon jini na sama da bai kai 100 ba maki 3, harbawa fiye da 100 a minti maki 2, alamun gazawar zuciya maki 2. Nauyi ƙasa da kilo 67, da jinkirin magani fiye da sa'a 4, da ɓarnar bangon gaba, kowanne maki 1 ne. Haka ma tarihin ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙirji.

Alal misali, dattijo mai shekara 70 da aka yi wa magani bayan sa'a 5, awon jininsa 95, harbawarsa 110, yana da maki 8. Fiye da kashi 25 cikin 100 na masu wannan maki sun rasu, alhali masu maki 0 ba su kai kashi 1 ba.

Kammalawa

Makin yana taimaka wa likita ya tantance wanda ke buƙatar sa ido sosai ko gaggawar tura shi asibitin da ke buɗe jijiya da na'ura. Sai dai alkalumman na rukuni ne, ba hukunci ba ne a kan mutum guda. Bugu da ƙari, an samo su ne daga majinyatan da aka zaɓa domin gwaji, don haka wajibi ne a jarraba su kafin a dogara da su a wata al'umma. Shekaru da tarihin cuta ba sa sauyawa, amma jinkirin zuwa asibiti yana hannun iyalan majinyaci da ma'aikatan lafiya.