Kunnen mai markaɗe a kan kogi

Mai injin markaɗe ba da ido kaɗai yake aiki ba. Yana zuba wake yana hira, amma kunnensa na kan inji. In injin ya yi nishi ya nemi tsayawa, ya san wani abu ne ya shiga tsakanin haƙora, tsakuwa ko cokalin da yarinya ta manta a cikin roba. In kuwa ya dinga zuga sama-sama ƙullu ba ya fita, to bel ya saki ko haƙora sun cinye. Ya san cewa inji daban, kan niƙa daban, kuma ba ya ɗora wa ɗaya laifin ɗaya.

Wannan kunnen nake so ga duk mai tuƙa jirgin ruwa mai feshi, irin wanda Bill Hamilton ya ƙera a Niyu Zilan a shekarun 1950. Kogunan yankinsu ba su da zurfi, ga tsakuwa, farfela ba ta kwana lafiya a cikinsu. Sai ya ɗauke ta daga ƙarƙashin jirgi ya sa famfo a ciki: ruwa ya shigo ta wata raga a gindin jirgin, farfelar famfon ta matsa shi, ya fita ta baya da ƙarfi ya tura jirgin gaba. A 1960 irin waɗannan jiragen suka haura kogin Kolorado ta Grand Canyon, suna fuskantar ruwa.

To, a yawancinsu sandar ƙarfe ce ta haɗa injin da famfon kai tsaye, babu kuloci a tsakani. In injin na juyawa, farfela na juyawa. In farfela ta ƙi, injin ma ya ƙi. A nan ake yi wa injina ƙazafi. Jirgi ya bi ta kan tsakuwa, ya zuƙi ɗaya ta maƙale tsakanin farfela da zoben da ke kewaye da ita, injin ya mutu nan take. A murɗa makulli, sai dai a ji ƙas, shiru. Nan da nan wani zai ce injin ya buga, a fara lissafin kuɗin sabo, alhali dutsen bai fi ƙwallon dabino ba. Abin yana ba ni takaici, domin dubawar ba ta da wuya: a zare makulli, a buɗe murfin famfon in yana da shi, a haska fitila. In an raba sandar da injin, ya kuma juya lafiya, magana ta ƙare.

Wani lokacin kuma akasin haka ne. Injin na ihu, allurar juyin inji ta haye, jirgi na tafiyar hawainiya. Wannan lafiyayyen inji ne da ya rasa abin turawa. Ko dai ciyawa ko leda ta toshe ragar, ko yashi ya daɗe yana cin farfela da zoben har rata ta buɗe, ruwa na sulalewa ta gefe. Ƙara wuta ba ya magani, sai dai ya ƙara cinye ƙarfen. Kashe injin kaɗai kan sa ledar ta saki raga ta tafi.

Zafi ma sau da yawa daga famfon yake farawa, domin a nan jirage da yawa ke ɗibar ruwan sanyaya inji. Wanda ya yi wasa a kan rairayi, ya duba matatar yashi kafin ya zargi wani abu.

Sai an wanke famfon daga zargi ake komawa kan injin, shi ma daga mai sauƙi ake farawa. Igiyar kashe inji tana wurinta? Kan batir bai yi tsatsa ba? Tari da ɗaukewa yawanci ruwa ne a cikin fetur ko matatar mai ta toshe. Abu ɗaya ne ba a yi masa garaje: in baƙin mai ya koma fari kamar an zuba madara, ko jirgin ya sha ruwa, kada a matsa wa sitata. Ruwa ba ya matsuwa, in yana cikin silinda zai lanƙwasa ƙarfen fistan. A cire fulogogi duka, sannan a juya injin ya tofar da shi.

Inda mai jirgi ya fi mai markaɗe shiga uku shi ne, shi mai markaɗe ƙasa ce a ƙarƙashinsa, masu jira kawai za su yi guna-guni. Jirgin feshi kuwa da ruwan da yake fesawa yake juyawa, in injin ya mutu sitiyari ya mutu tare da shi, kogi kuma bai tsaya ba. Don haka kafin a taɓa sifana, a jefa anga ko a kama gaɓa a ɗaure jirgin, kowa da rigar ruwa a jikinsa.